Kansar maƙogwaro: gudun da take yi da aikin cire ta ta baki

Wanda duk likita ya gaya wa cewa an ga kansa a maƙogwaronsa, da wuya ya tashi daga kujerar nan bai yi tambaya biyu ba. Ta farko: wane irin gudu abin yake yi, zai iya jira har a yi girbi ko a biya albashi? Ta biyu: ana iya cire shi ba tare da an yanka wuya ba? Amsar ta biyun a wuyan ta farkon take rataye. Aikin da ake yi ta cikin baki, da bututu da hasken leza, na ƙaramin ƙari ne, ƙari kuwa ba ya tsayawa a ƙarami don mai shi bai gama haɗa kuɗi ba.

Kafin a zo maganar gudu sai an san inda abin ya zauna. A bayan zakaran wuya akwai wani ɗan akwati na guringuntsi, a cikinsa igiyoyin murya biyu suke, kowace tsawonta wajen santimita 2 a jikin namiji. Sama da su akwai murfin da ke rufe hanyar iska in an zo haɗiya. Sama da nan kuma maƙoshi ne, inda gindin harshe yake da ƙwayoyin naman nan biyu na gefe da likitoci ke kira tonsil. Ta bayan akwatin, can ƙasa, akwai lunguna biyu da abinci ke bi ya gangara. Ko'ina a wuraren nan kansa na iya tsirowa, kuma sama da kashi 90 cikin 100 iri ɗaya ce, wadda ke tashi daga siririyar fatar da ta lulluɓe cikin wurin. Taba ce kan gaba wajen haddasa ta, giya na biye, in kuwa aka haɗa su haɗarin ninkawa yake yi. Hukumar binciken kansa ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kimanin 189,000 ne suka kamu da kansar akwatin murya kaɗai, kimanin 103,000 suka rasu, maza sun fi mata nesa ba kusa ba.

Da ninki likitoci ke auna gudun ƙari, wato kwana nawa yake ɗauka kafin jikinsa ya zama biyun yadda yake. Ƙwayar halitta ɗaya ce ke lalacewa ta rabu biyu, biyu su zama huɗu. Sai an yi ninki wajen 30 kafin a sami ƙari mai faɗin santimita 1, kamar ƙwayar gyaɗa, mai ɗauke da ƙwayoyi kusan biliyan ɗaya. Daga nan ninki 10 kacal ya rage ya kai nauyin kilo guda, abin da ba wuyan da zai ɗauka. Ke nan ranar da aka fara ganinsa ya riga ya ci kashi uku cikin huɗu na tafiyarsa a ɓoye. Shi ya sa dangi ke rantsuwa cewa lokaci ɗaya ciwon ya taso. Ya daɗe yana nan, ninkin ƙarshe-ƙarshe ne kawai ido ke iya gani.

Lissafin yana da wata yaudara kuma. In ƙari ya ninka sau ɗaya, faɗinsa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake ƙaruwa, wanda ya duba zai ce ai bai wani canza ba. Sai ya ninka sau uku sannan faɗinsa ya zama biyu, a lokacin kuwa naman da ke ciki ya zama takwas ɗin na da. Ƙwayoyin kansar su kansu suna iya rabuwa duk kwana 4 ko 5. Abin da ke rage musu gudu shi ne yawancin sababbin mutuwa suke yi, wasu don jini bai kai gare su ba, wasu su saɓule su bi yawu.

Ba a barin majiyyaci da gangan don a ga yadda kansarsa za ta girma, saboda haka alƙaluman da ake da su daga layin jira aka samo su. A 2007 likitocin birnin Arhus na ƙasar Denmak suka buga sakamakon mutum 61 masu kansar kai da wuya, waɗanda aka yi wa hoto sau biyu: na farko lokacin gano cutar, na biyu lokacin shirin yi musu gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura. Tsakanin hotunan kwana 28 ne a tsaka-tsaki. Cikin makonni huɗun nan, mutum 38 ƙarinsu ya girma yadda awo ya nuna, girman da ya kusa rabin yadda yake a da, kuma ɗaya cikin biyar cutar ta fito masa a sabuwar kaluluwa. A tsaka-tsaki kwana 99 ƙari ke ɗauka ya ninka, amma a rabin mutanen da nasu ya fi gudu, kwana 30 ne. A wajajen lokacin ne Denmak ta kafa tsarin gaggawa na ƙasa baki ɗaya, inda aka ƙayyade kwanakin da za a ɗauka daga zargi zuwa fara magani. Wani bincike a Amurka da aka buga a 2016, kan mutane sama da 50,000, ya nuna cewa da zarar an wuce kwana 46 zuwa 52 tsakanin gano cuta da fara magani, haɗarin mutuwa ya fara hawa.

Yadda na fahimci waɗannan alƙaluma shi ne: mako biyu ko uku na gwaje-gwaje, ko na neman ra'ayin wani likitan, ba asara ba ce. Wata biyu zuwa uku asara ce. Kuma ba likitan da zai dubi ƙari sau ɗaya ya faɗa maka da tabbaci ko naka na kwana 30 ne ko na kwana 100, don haka hankali shi ne mutum ya ɗauka nasa mai gudu ne.

Tarihi ya ajiye mana labarin wata kansar igiyar murya tun daga farkonta har ƙarshe, domin mai ita yarima ne, kowane mako an rubuta halin da yake ciki. Frederick, yariman Jamus mai jiran gado, muryarsa ta dishe a farkon 1887. A watan Maris aka ga ɗan tsiro a igiyarsa ta hagu. A watan Mayu likitocin Jamus suka shirya buɗe maƙogwaron, sai aka kirawo Morell Mackenzie daga Landan, ya ciro guntayen nama ta baki, mashahurin masani Rudolf Virchow ya duba ya ce bai ga kansa ba. Aka fasa aiki. A watan Nuwamba, a San Remo ta Italiya, kowa ya yarda kansa ce. A Fabrairun 1888 aka huda masa wuya don ya sami numfashi, a Maris ya hau gadon sarauta ba ya iya magana, ranar 15 ga Yuni ya rasu. Daga dishewar murya zuwa kabari, shekara ɗaya da rabi ba ta cika ba, a wurin da kansa ta fi ko'ina nawa.

Igiyar murya ita ce wurin da mai tsautsayi ya fi samun sauƙi, saboda dalili biyu. Tsiro na milimita 2 ko 3 ya isa ya hana igiyoyin haɗuwa daidai, murya ta canza tun abin yana jariri. Sannan gefen igiyar kusan ba shi da hanyoyin ruwan da ke kai cuta zuwa kaluluwa, shi ya sa a matakin farko da wuya a sami ko biyar cikin ɗari da ta bazu zuwa wuya. Hau sama da igiyar da santimita ɗaya, labari ya sauya. Can hanyoyin sun yi yawa, ga fili da ƙari zai girma bai taɓa murya ba, kusan rabin masu ita da ƙullutu a wuya suke zuwa asibiti. Ta lungunan ƙasa ta fi duka sharri: ɗan jin abu ya tsaya a wuya, ɗan zafin haɗiya ta gefe ɗaya, ciwon kunne alhali kunnen lafiya lau, shi ke nan har sai ta yi nisa. Tsohuwar ƙa'ida ce a wurin likitocin fannin cewa da cuta ta sauka a kaluluwa, damar warkewa ta ragu da kusan rabi. Akwai kuma ta tonsil da gindin harshe wadda ƙwayar cutar HPV ke haddasawa, ta yawaita a Turai da Amurka har a cikin waɗanda ba su taɓa busa taba ba. Ita da wuri take kai wa kaluluwa, amma ta fi sauran jin magani.

A nan gida, kwanakin da suka fi salwanta na kafin a je asibiti ne. Dishewar murya abu ne da kowa ke da bayaninsa. Da hunturu a ce ƙura ce, da bazara a ce ruwan sanyi ne. Ladani, malamin makaranta, mai wa'azi, ɗan kamasho a tasha, duk sana'arsu ta ba su uzuri. A sha citta da kanumfari da zuma, a tsotsi Tom-Tom, a je kemis a karɓo kafso, ya ƙare a koma a karɓo wani. Wani ma gaban wanzami zai durƙusa a cire masa beli, alhali abin yana can ƙasa inda askar ba ta kai ba. Wanda ya isa asibiti ma yana iya faɗawa wani jinkirin, don tarin tibi na kama maƙogwaro, kamanninsa da na kansa kuwa suna rikitarwa, har a ɗora mutum kan maganin wata shida ba a ɗebi nama an gwada ba. Rahotannin da likitocin kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa a Najeriya suka sha bugawa bakinsu ɗaya: yawancin masu cutar a mataki na uku ko na huɗu suke zuwa, da dama numfashi ya riga ya toshe, aikin farko da ake musu shi ne huda wuya a sa bututun shaƙar iska. Ƙungiyar likitocin fannin ta Amurka, a ƙa'idarta ta 2018, ta ce muryar da ta dishe mako 4 ba ta dawo ba, a leƙa maƙogwaron. In mai ita na shan taba ko akwai ƙullutu a wuya, kada ma a jira hakan.

Leƙawar kuwa ba abin tashin hankali ba ce. Mutum na zaune a kujera, idonsa biyu. Likita zai fesa masa wani magani mai ɗaci a hanci, ya ɗan dakata wurin ya mutu. Sai ya ɗauko baƙin bututu mai lanƙwasa, kaurinsa bai wuce milimita 4 ba, da fitila da kyamara a bakinsa, ya zura ta ƙofar hanci ɗaya a hankali, yana karkata kan bututun da babban yatsa. Ido yakan kawo ƙwalla, wani ya yi atishawa. Da bututun ya sauko bayan ganɗa, sai ga gindin harshe a allo, ga murfin, ga igiyoyin biyu farare suna buɗewa suna haɗewa. "Baba, ka ce iii. Ja numfashi. Yanzu ka cika kumatunka da iska." Da iii ɗin ake gane ko igiyoyin na motsi daidai, da cika kumatun lungunan ƙasa ke buɗewa a gan su. Igiyar da ta daina motsi gaba ɗaya alama ce ƙarin ya nutse can ciki, kuma wannan kaɗai ya kai shi mataki na uku. Minti biyar an gama, mutum ya tashi ya hau babur ɗinsa.

Ido dai ba ya yanke hukunci, sai an ɗebi nama an kai ɗakin gwaji. A nan ne ake yawan tirjewa, saboda tsohuwar maganar nan cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi zai fantsama. Ana iya gane inda ta samo asali. Mutum ya zo a makare, an ɗebi nama, bayan wata guda jiki ya rikice, sai dangi su ɗora wa almakashin likita laifin abin da ninki ya yi. Ɗiban guntun nama daga maƙogwaro ba ya watsa cutar. Abin tsoro a cikinsa shi ne irin na yarima Frederick, a ciro guntun da bai kai ga cutar ba a ce lafiya lau, shi ya sa likitan da ya san aikinsa, in sakamako ya saɓa wa abin da idonsa ya gani, sake ɗiba yake yi.

Hanyar baki ta daɗe ana share ta. Manuel Garcia, malamin waƙa ɗan Sifen, shi ya fara ganin igiyoyin muryarsa suna motsi da 'yan madubai a 1854. A 1895 Alfred Kirstein a Jamus ya nuna za a iya kallon maƙogwaro kai tsaye ta miƙaƙƙen ƙarfe. A shekarun 1960 Oskar Kleinsasser ya haɗa wannan da madubin tiyata mai ƙara girman abu, a 1972 kuma Stuart Strong da Geza Jako a birnin Bostan suka kawo leza cikin aikin.

Ga yadda ake yi yau. Za a sa wa mutum maganin barci, ya kwanta rigingine, a sa masa kariya a haƙoran sama. A zura bututun ƙarfe mai faɗin baki ta kan harshe har gaban igiyoyin, a kafe shi da mariƙi don hannayen likita biyu su sami 'yanci. Likita na zaune ta wajen kan majiyyaci, idonsa a madubi, ɗan tsiron ya cika masa fuska. Hannu ɗaya na riƙe da doguwar hantsaki yana jan naman, ɗayan na juya ɗan sandan da ke tuƙa ɗigon hasken, wanda faɗinsa bai kai rabin milimita ba. Hasken na yanka yana toshe ƙananan jijiyoyin jini a tare, hayaƙi na tashi ana zuƙe shi. Wuta ce babbar fargaba, don ga leza ga iskar oksijin a wuri ɗaya, shi ya sa ake rage iskar, a yi amfani da bututun numfashi na musamman, a jera jiƙaƙƙen auduga, a lulluɓe fuska da jiƙaƙƙen ƙyalle. A igiyar murya, milimita 1 zuwa 2 na lafiyayyen nama ake haɗawa da ƙarin, don kowace milimita da aka ƙara murya ce ake ragewa. Ƙaramin aiki ba ya cin awa guda. Ba ɗinki, ba rami a wuya, yawanci a ranar ko washegari ake sallama, a ce mutum ya huta da magana na 'yan kwanaki.

Wanda ya faɗaɗa aikin zuwa manyan ƙari shi ne Wolfgang Steiner, a Erlangen sannan a Gotingen ta Jamus, kuma sai da ya karya dokar da aka yi kusan ƙarni ana bi. Dokar ita ce ba a ratsa kansa da wuƙa, a dunƙule ake ciro ta. Shi kuwa ya riƙa raba ƙarin gida-gida da leza, yana kallon fuskar yankan a madubi don ya ga daidai inda cutar ta tsaya a zurfi. An yi masa ca, daga baya sakamakonsa ya sa aka bi sahunsa.

A kansar igiyar murya ta matakin farko, leza da gashi kunnen doki suke yi: kowanne na kawar da cutar a wajen mutum 9 cikin 10. Bambancin a wasu wurare yake. A ƙasar Finlan an raba maza 60 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna ingancin murya a dunƙule kusan ɗaya ne, sai dai muryar 'yan leza ta fi fitar da iska. Mawaƙi ko mai karatun Alƙur'ani da murya yana da hujjar ya tsaya ya yi tunani a nan. Amma gashi zuwa ne kullum, kwana biyar a mako, na mako 4 zuwa 7, kuma galibi sau ɗaya ake yi wa wuri a rayuwa. Leza ana iya maimaita ta, kuma tana barin gashin a ajiye don gaba. Ga wani abin kuma da wani masani, Rodney Withers, ya nuna a 1988: in gashi ya kai wajen mako na huɗu, ƙwayoyin da suka tsira ƙara gudun rabuwa suke yi, shi ya sa kowace rana da aka tsallake tana rage damar kawar da cutar da kusan kashi 1 cikin 100. Na'urorin gashi a Najeriya 'yan ƙalilan ne ga mutum sama da miliyan 200, lalacewarsu a tsakiyar magani kuma ba baƙon labari ba ne. Nijar sai a 2021 ta fara gashi a cibiyarta ta Yamai. Ga manomin da zai bar gida ya kama ɗaki a Zariya, Sakkwato ko Abuja na wata ɗaya da rabi, ni a ganina aikin yini ɗaya ta baki ya fi masa, matuƙar ƙarin ƙarami ne kuma akwai hannun da ya ƙware.

Sharaɗin nan na ƙarshe ba ƙarami ba ne, kuma ba kowa aikin ke karɓa ba. Abin da likita bai gani sarai ba, ba zai yanke shi sarai ba: gajeren wuya, babban harshe, haƙoran gaba masu tsawo, muƙamuƙin da ba ya buɗuwa sosai, duk suna iya hana shi. Kusurwar gaba inda igiyoyin biyu suka haɗu wuri ne mai wuyar sha'ani, nan cutar ta fi dawowa. Ƙarin da ya ci guringuntsi ya fita waje ya wuce aikin bututu. In kuma na sama da igiya ne ko na maƙoshi, cire shi ta baki bai raba mutum da yankan wuya ba, don kaluluwar sai an kwashe ta ta waje ko an gasa ta. Bayan babban aiki akan sha fama da ƙwarewa wajen shan ruwa na makonni, jini kuma na iya ɓallewa bayan kwanaki.

Mutum-mutumin tiyata na da Vinci, wanda Amurka ta amince a shiga da shi ta baki a ƙarshen 2009, ya sauƙaƙa kai wa ga tonsil da gindin harshe, inda hasken leza mai tafiya a miƙe ke shan wuya. An yi ta kururuta shi. Da aka gwada shi da gashi a kan mutum 68 a wani bincike da Kanada ta jagoranta, wanda aka buga a 2019, haɗiyar 'yan gashi ce ma ta ɗan fi, da ratar da ba ta taka kara ta karya ba. Abin da Japan ta yi ya fi burge ni. Kusan kashi 40 cikin 100 na Japanawa jikinsu ba ya narkar da dafin giya da kyau, fuskarsu ja take yi in sun sha, kuma masu sha a cikinsu sun fi kamuwa da kansar maƙoshi da hanyar abinci. Likitocin ciki na can, da yake kullum suna zura kyamara don duba tumbi, sai suka fara tsayawa a maƙoshi suna haska shi da shuɗi da koren haske, wanda ke fito da ƙananan jijiyoyin jini. Tun daga tsakiyar shekarun 2000 suke gano kansa tana shimfiɗe a fata ba ta nutse ba, su ɗura ruwa a ƙarƙashinta ta taso, su feɗe ta da 'yar wuƙar lantarki. Gwanintar yankan ta biyo bayan gwanintar gani ne.

Wannan ne ya sa, in ana maganar abin da za a saya wa asibitocinmu, na fi son a fara da bututun dubawa mai lanƙwasa a manyan asibitocin jiha, da ma'aikacin da aka koya wa riƙe shi, da ɗakin gwajin da zai fitar da sakamakon nama cikin mako guda. Ƙwararru akwai su, a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a asibitin Shika da ke Zariya da sauransu. Ƙaramin ƙari na tsakiyar igiya ma ana iya cire shi ta baki da 'yan almakasai da madubi ko ba leza. Leza mai tsada a garin da kowa ke zuwa a mataki na huɗu ƙura za ta sha.

Wanda aka yi wa aikin kuma bai rabu da bututun hancin nan ba. A shekarar farko duk wata ɗaya zuwa uku ake son ganinsa, a riƙa tsawaita tazarar har shekara 5, domin yawancin dawowar cutar cikin shekara biyun farko take faruwa. Hayaƙin da ya lalata igiya ɗaya ya bi ta baki, maƙoshi da huhu, shi ya sa kowace shekara wajen mutum 3 cikin 100 na waɗanda suka warke sabuwar kansa ke fito musu a wani wurin, wanda ya koma wa taba kuwa nasa haɗarin ya fi haka. In an kama dawowar tana ƙarama, a sake shiga ta baki ko a yi gashi. In mutum ya ɓace shekara guda ya dawo da numfashi mai ƙara, abin da ya rage sau da yawa shi ne aikin da Theodor Billroth ya fara a Biyana a 1873, cire akwatin muryar ɗungurungum. Yana ceton rai. Amma daga ranar ta rami a gindin wuya mutum zai riƙa numfashi, ya kiyayi ruwa wajen wanka, ya koyi magana da iskar da yake haɗiya ko da wani ɗan bawul da ake dasawa tsakanin hanyar iska da ta abinci. Bawul ɗin duk bayan 'yan watanni sai an canza shi, kuma daga ƙasar waje ake shigo da shi.